Me Ya Raba Hukuma da Ɗan Bindiga?

A ƙauyuka da dama na Zamfara da gabashin Sakkwato da yammacin Katsina, manomi ba ya sa garma a gonar da ya gada sai gari ya haɗa kuɗi an kai daji. Idan Allah ya kawo damina mai albarka, lokacin girbi a sake haɗawa. Ana yanka wa kowane gida kasonsa, a tara, a ba wasu amintattu su kai hannu da hannu. A wasu wuraren sai a tasa ƙeyar mazan gari su nome gonar jagoran 'yan bindiga tukuna, sannan su koma tasu. A 2021 an ga inda 'yan bindiga suka tuɓe masu gari a yankin Sabon Birni suka ɗora nasu. Har ta kai wanda aka ci wa haƙƙi yakan kai kukansa wajen mai daji, domin can ake yanke magana a yini ɗaya.

Haraji, aikin dole, naɗin sarauta, yanke hukunci, duk mun san ayyukan hukuma ne. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu abin da ya raba hukuma da ɗan bindiga. Ba don in daidaita su nake tambaya ba, Allah ya kiyaye. Ina tambaya ne domin amsar da shugabanninmu suke aiki da ita kuskure ce, kuma da rayukan talakawa ake biyan diyyar kuskuren.

Tambayar tsohuwa ce. Agustin, malamin Kirista ɗan Arewacin Afirka da ya zauna a garin Hippo, inda Annaba take a Aljeriya ta yau, ya yi ta bayan an washe birnin Rum a shekara ta 410. Ya kawo labarin wani ɗan fashin teku da aka kamo aka gurfanar gaban Iskandar, sarkin Makidoniya. Sarki ya tambaye shi me ya sa ya addabi teku. Ɗan fashi ya ce abin da ya sa kai ka addabi duniya, sai dai ni da ɗan ƙaramin jirgi nake yi, ana ce mini ɗan fashi, kai kuwa da rundunar jirage kake yi, ana ce maka sarki. Agustin ya ga gaskiyar ɗan fashin. Ya ce idan aka cire adalci, masarautu ba komai ba ne face manyan gungun 'yan fashi.

A 1919 Bajamushen masani Max Weber ya ba da ma'anar hukuma da har gobe ake karantarwa a jami'o'inmu: ƙungiyar mutane ce da ta yi nasarar keɓe wa kanta amfani da ƙarfi na halal a cikin wata ƙasa mai iyaka. Rabin farko na wannan magana shi ne ya shiga kunnen masu mulkinmu. A wurinsu matsalar ita ce wasu sun samu bindiga, maganin kuma a samo wadda ta fi ta. Jiragen yaƙi 12 na Super Tucano da aka sayo daga Amurka sun iso a 2021. A watan Nuwamban shekarar babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga hakan a jaridarta a Janairun 2022. A ƙarshen Maris na 2022 aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. Ƙarfi ya ƙaru, amma rabin maganar Weber na biyu, wato halacci, yarda da amincewar waɗanda ake mulka, ba a sayo shi daga Amurka.

Akwai ma wani Ba'amurke masanin tattalin arziki, Mancur Olson, da ya nuna a 1993 cewa ɗan fashi iri biyu ne. Mai yawo yana kwashe komai ya ƙone saura. Mazauni kuwa ya gane cewa in ya kashe manomi bana, baɗi ba shi da abin karɓa, sai ya bar shi ya yi noma, ya kare shi daga sauran ɓarayi, ya riƙa karɓar rabonsa. Wannan shi ne abin da dazukanmu suke rikiɗewa suna zama, kuma ya fi harin dare ban tsoro, domin hari yana wucewa, wannan kuwa saiwa yake yi.

Amsata ita ce, abin da ya raba hukuma da ɗan bindiga shi ne wurin kai ƙara. Ba kowace irin ƙara ba, domin mai daji ma yana sauraron ƙarar wanda aka sace wa akuya. Ina nufin ƙofar da talaka zai shiga ya yi ƙarar mai mulkin kansa, ko yaransa, ko alƙalinsa, a saurare shi, kuma in yana da gaskiya a ba shi. Babu wanda zai je sansani ya ce da jagoran 'yan bindiga ka zalunce ni, ka biya ni, ya dawo da ransa. Ranar da aka wayi gari mutum ba zai iya faɗa wa hukuma haka ba shi ma, to bambancin da ya rage na kaki ne da girman makami.

Ba daga Turai na aro wannan ba. Wajen 1492 Shehu Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa risala kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ya hore shi da ya riƙa zama kullum a inda kowa zai iya isa gare shi, har mata da yara, kuma kada ya dogara ga alƙalai da hakimai kaɗai, domin wataƙila su ne ake son a yi ƙara. Jimla ɗaya yake ta maimaitawa a ƙarshen babi-babi: tushen kowace musiba shi ne sarki ya ɓuya ga talakawansa. Kafin shi da kusan shekara ɗari da goma sha biyar, masanin tarihi Ibn Khaldun ya ware fasali guda a Muƙaddimarsa ta 1377 kan cewa zalunci shi ke shelar rushewar ƙasa. Ya faɗaɗa ma'anar zalunci har ta haɗa wanda ya karɓi dukiyar mutum ba haƙƙi, da wanda ya sa shi aikin dole, da wanda ya ɗora masa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba, da wanda ya hana shi abin da yake nasa. Dalilinsa a fili yake. Idan mutane suka ga ƙarshen abin da suke wahala a kai ƙwace ne, sai gwiwarsu ta yi sanyi, su daina noma da fatauci, su watse.

A wannan fasalin ya kawo labarin wani sarkin Farisa mai suna Bahram, wanda ya ji kukan mujiya ya tambayi babban malamin fadarsa abin da take cewa. Malamin ya ce namijin mujiya ne ke neman aure, macen ta ce sadakinta kufan garuruwa ashirin daga waɗanda suka rushe a zamanin Bahram. Namijin ya ce in dai wannan sarki ya daɗe a kan mulki, dubu ma zan ba ki. Duk wanda ya san yawan ƙauyukan da suka zama kufai a Maru da Anka da Zurmi, da dubban mutanenmu da suka tsallaka jihar Maraɗi tun 2019, ba zai ji wannan labari a matsayin tatsuniya ba.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa a wannan ƙasar ta Zamfara ya yi kusan shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi. Da ya zo lissafa halayen azzaluman sarakuna a Kitabul Farƙ, abubuwan da talaka ke ji a jikinsa ya ambata da sunayensu: jangali, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, ƙwacen kayan mutane a kasuwa. Maganar da kowane ɗalibin Arewa ya haddace daga gare shi ita ce mulki yana ɗorewa da kafirci amma ba ya ɗorewa da zalunci. Muna yawan rubuta ta a kwalaye da shafukan Facebook. Ba mu cika auna ta da alƙalin ƙauyenmu ba.

Domin kafin bindiga ta yi magana a Zamfara, ƙofar nan ta daɗe a rufe. Tun 1965 gwamnatin Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, amma da jama'a ta ƙaru, musamman bayan 1999, an yi ta yanka dazuka da burtali ana mayar da su gonaki, da yawa na masu hannu da shuni. Makiyayi in shanunsa suka yi ɓarna, tsakanin ɗan sanda da mai gari da alƙali sai ya sayar da sa biyu kan ɓarnar da ba ta kai kuɗin tunkiya ba. Manomi shi ma in aka cinye masa gona ko aka kore masa shanun huɗa, ya je birni ya dawo ba komai sai asarar kuɗin mota. Kowannensu ya koyi darasi ɗaya: nan ba wurin samun haƙƙi ba ne. Masanin nan ɗan Norway, Johan Galtung, ya bayyana irin wannan a 1969. Ya ce akwai cutarwar da ba ka ganin hannun mai yin ta, an gina ta ne a cikin tsarin rayuwa, tana kashe mutane ba tare da an harba harsashi ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Babu wanda ya kira wannan hari, amma uwayen yaran sun san inda kaburburan suke.

Da sata ta yi yawa ba mai tsawatawa, sai 'yan sa-kai suka fito, kuma da yawansu mutanen kirki ne da aka kai bango. Amma wanda ya zama shi ne mai kamu, shi ne alƙali, shi ne hauni, ba ya daɗewa bai zubar da jinin marar laifi ba. Aka shiga yanka mutum a tsakiyar kasuwa don kamanninsa. A Oktoban 2021 'yan sa-kai suka kashe mutane a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa. Kwanaki kaɗan bayan haka 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Waɗanda suka mutu a Goronyo sun je cin kasuwa ne, babu ruwansu da abin da ya faru a Mamande.

A nan ne nake rabuwa da wasu 'yan'uwana masu ilimi. Akwai masu ɗaukar wannan tarihin su ce ai ga shi nan, zalunci ne ya haife su, 'yan tawaye ne masu neman haƙƙi. Wasu har sukan kafa hujja da Frantz Fanon. Ina ganin ba su yi wa Fanon adalci ba, balle waɗanda aka kashe.

Fanon likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan tsibirin Martinik, ya yi aiki a asibitin Blida a Aljeriya daga 1953, ya ajiye aikin a 1956 ya bi masu yaƙin neman 'yanci, har ya wakilce su a Ghana a 1960. Gaskiya ne ya rubuta cewa mulkin mallaka da ƙarfi ya zo, da ƙarfi yake tsaye, kuma wanda aka mallake yakan dawo da mutuncinsa ranar da ya ɗaga hannu ya rama. Amma yana magana ne kan ƙasar da Faransa ta mamaye tun 1830, inda Turawa wajen miliyan ɗaya suka zauna bisa mafi kyawun gonaki. Kuma shi ɗin ne ya lura cewa wanda aka danne yakan fara huce fushinsa ne a kan ɗan'uwansa, domin shi hannunsa ke iya kaiwa gare shi. A littafinsa na ƙarshe, wanda ya fito a 1961, shekarar da ya rasu, babin da ya rufe da shi labarin marasa lafiyarsa ne. Akwai sufeton 'yan sandan Faransa da ya saba azabtar da fursunoni har ya koma dukan matarsa da 'ya'yansa. Akwai saurayi ɗan Aljeriya da aka kashe masa uwa, ya je ya kashe matar wani Bature, daga nan matar ta hana shi barci. Likitan da ya zauna da waɗannan mutane ya san cewa zubar da jini ba ya barin mai zubarwa yadda ya same shi.

To mu dubi kan wa bindigar daji take sauka. Yara fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar Ƙanƙara a Disambar 2020, wane burtali suka nome? 'Yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021, wace tara suka ci wani? Matafiya fiye da 20 da aka ƙone cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021 talakawa ne masu gudun wannan masifa. Makiyayan da ake cewa don su ake yaƙin, su ne na farko da aka raba da garkensu, wanda ya ƙi shiga daji kuma ya rasa wurin tsayawa, daji na ganinsa maci amana, gari na ganinsa ɗan leƙen asiri. Zalunci yana bayyana yadda wutar ta tashi, kuma wajibi ne mu faɗe shi. Amma ba ya wanke wanda ya yi wa matar aure fyaɗe a gaban mijinta. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, na yarda. Sai dai warin daddawa bai taɓa mayar da sata halal ba.

Ko yaƙin da aka fara da kyakkyawar niyya bai tsira daga wannan ba. Wajen 1807, jihadi bai ma ƙare ba, Malam Abdullahi na Gwandu ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar Makka, saboda abin da ya gani a cikin jama'arsu na neman mulki da tara dukiya da dawakai da ƙwarƙwarori. A Kano ya tsaya, daga baya ya koma. Idan mutanen da suka tashi bayan shekaru na karatu da wa'azi sun ba ƙanen Shehu wannan tsoro, me za a ce da yaron da aka miƙa wa bindiga da ƙwaya yana ɗan shekara goma sha biyar?

Sai kuma hukuma. Hannah Arendt, Bayahudiya 'yar Jamus da ta gudu daga mulkin Hitila a 1933, ta yi jayayya da maganar Mao, jagoran juyin juya halin ƙasar Sin, cewa iko daga bakin bindiga yake fitowa. A 1970 ta rubuta cewa daga bakin bindiga ana samun biyayya nan take, amma ba a samun iko, domin iko na tasowa ne daga yardar mutane masu yawa su yi abu tare. Inda ka ga mai mulki ya koma dogaro da duka kaɗai, ikonsa ne ke zubewa. Bahaushe ya riga ya faɗi wannan a taƙaice: tsoro na daji, kunya na gida. Mulkin da ba ya samun komai daga mutane sai tsoro, ya koma daji ko da a birni fadarsa take.

A Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da ya ga alƙali ba, abin da ya biyo baya kuwa ba sai an ba ɗan Arewa labari ba. A Satumbar 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara, aka hana cin kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur. Wanda ya fi jin jiki shi ne ƙauyen da aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran agaji. A Yunin 2022 gwamnatin jihar ta ce mutane su nemi lasisin bindiga su kare kansu. A Yuli, wata ɗaya tsakani, Sarkin 'Yandoton Daji ya naɗa wa wani jagoran 'yan bindiga rawanin Sarkin Fulani, har aka dakatar da sarkin. Watanni uku kafin nan an tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau bisa zargin hannu a harkar. Mutumin ƙauye yana kallon duk wannan, yana kuma fahimtar abin da ake gaya masa: babu mai tsaya maka, kuma wanda ya fi kisa shi ake girmamawa.

Na san abin da za a ce mini. Ana kashe mutane, kai kana kawo mana Agustin da Arendt. Ban ce a ajiye makami ba. Wanda ya zo ƙone gari da bindiga ake tare shi, kuma sojojin da suka kwanta dama a dazukan nan, 'ya'yan talakawa ne su ma, suna da haƙƙi a kanmu. Abin da nake cewa shi ne ruwan bama-bamai da sulhun da aka yi ta ƙullawa, kamar na Zamfara da Katsina a 2019, abu ɗaya ya haɗa su: dukansu da mai bindiga kaɗai suke magana. A zaman sulhu ana shimfiɗa wa mai makami tabarma, a tambaye shi abin da ke damunsa, a sako masa mutanensa. Matar da ya kashe wa miji ba a gayyace ta ba. Makiyayin da aka zalunta amma ya haƙura bai ɗauki makami ba, shi ma ba wanda ya neme shi. Da hannunmu muke koya wa matasa cewa ƙofar da ta ƙi buɗuwa da sallama tana buɗuwa da harsashi.

Saboda haka aikin da ya fi sayen jirage wuya shi ne wanda ake ta kauce wa. Ɗan bindigar da aka kama a gurfanar da shi a fili, a garin da ya yi ɓarna, waɗanda ya cuta su tsaya su ba da shaida, a yanke hukunci su ji da kunnensu. Mai sarauta ko jami'in da aka samu da hannu, cire rawani ko sauya masa wurin aiki bai isa ba, kotu ya kamata ya gani. Burtalin da aka nome a fito da taswirarsa, ko gonar wane ce ta hau kai. Dakarun da Katsina ta ƙaddamar a Oktoban 2023, da Askarawan Zamfara na Janairun 2024, an ba su kaki da makami da albashi. Dole a sanar da kowane Bafulatani da kowane Bahaushe ofishin da zai je idan askari ya kashe masa ɗa ba gaira ba dalili, kuma a ga wanda ya je ya samu haƙƙinsa. In ba haka ba, 'yan sa-kai ne aka ɗinka wa riga.

A daren 3 ga Disambar 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce aƙalla mutum 85 aka binne. Rundunar sojin ƙasa ta amsa cewa ita ce, shugabanta ya je garin ya ba da haƙuri, kuma a Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Babu jagoran daji da zai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ina yaba wa rundunar a kan haka. Amma ba Tudun Biri kaɗai ba ne ƙauyen da bam ya faɗa wa bisa kuskure. Kowane ɗaya daga cikinsu ya cancanci a je a ƙirga matattunsa da sunayensu, a biya diyya ga magada hannu da hannu, kuma hukuncin da kotun ta yanke a zo a karanta shi da Hausa a gaban mutanen garin.